Rigar Tayoyin Karafan

Shekarar Inuwa shida yana tuƙa motocin gidan Abu Nasir a Riyad kafin tsohon ya sayi karafan. Doguwar mota ce mai ɗaki a ciki, da gadaje da kicin da banɗaki. Da sanyi ake fita da ita daji, iyali su kwana biyu ko uku a kan yashi su dawo. In zafi ya shigo sai a kai ta istiraha, wato gidan hutun tsohon da ke bayan gari, a ajiye ta a jikin katangar gabas. Nan za ta zauna wata bakwai ba mai taɓa ta.

A fitar farko ta sanyin 2016, shekara uku bayan sayen motar, taya ta fashe musu a hanyar Sumama. Ta gaba ce, ɓangaren direba. Inuwa bai danne birki ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya bar motar ta rage gudu da kanta har ta sauka gefen titi. Ba wanda ya ji ciwo a cikin matan gidan da ke baya, shayi ne kawai ya zube.

Nasir, babban ɗan tsohon, yana biye da su a tasa motar. Ya fito yana huci.

"Gudu kake yi," in ji shi.

"Tamanin nake yi, ya Nasir."

"To ba ka duba iska ba."

"Na duba da safe, duka shida."

Nasir ya ce direbobi sun cika gari, kuma takardar komawa gida ba ta da wahalar bugawa. A gaban mata ya faɗa. Inuwa ya durƙusa ya ciro safaya. Abin ya tsaya masa a rai, don shekara tara ke nan ko fitilar motarsu bai taɓa fasawa ba.

Da suka dawo gari ya ɗauki fasasshiyar tayar ya kai unguwar Sulai, wurin Isiyaku, wani mai faci ɗan Damagaram da suka saba haɗuwa a kasuwar Bataha ranar Juma'a. Isiyaku ya mirgina ta zuwa bakin ƙofa inda haske yake, ya bi gefenta da farce.

"Malam Inuwa, wannan ba ƙusa ba ce, ba kuma iska ba. Rana ce ta cinye ta. Dubi ƙasan, ko rabi bai suɗe ba. Amma dubi gefen, duk ya tsattsage kamar tsohon silifa. Ina ake ajiye motar?"

Inuwa ya gaya masa.

"Ka je ka duba sauran. Na ɓangaren katanga za ka same su lafiya. Na ɗaya ɓangaren ranar yamma ta gama da su."

Haka kuwa ya tarar. Bai je wurin Nasir ba, tsohon ya samu bayan la'asar ya roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Abu Nasir ya zagaya motar da sandarsa, ya sunkuya nan, ya sunkuya can. Ya daɗe yana kallon tsagewar da ke jikin tayar baya.

"A canja su duka," in ji shi. "Kuma a nemo abin da za a riƙa rufe su da shi."

Nasir ne ya fara kawo shawara. Ya nuna wa mahaifinsa hoto a waya, wasu baƙaƙen riguna masu sheƙi da rubutun zinari. Inuwa ya ce yana ganin fari zai fi, don baƙi yana shan zafi. Nasir ya ce fari zai yi datti cikin sati guda.

Tsohon ya dubi ɗansa. "Kai da zafi wace riga kake sawa, fara ko baƙa?"

Maganar launi ta ƙare a nan.

Samun girman da ya dace ne ya ba Inuwa aiki. Ya zaga shaguna huɗu a Bataha, duk abin da suke da shi na safayar jif ne. Wani mai shago ya rantse masa cewa zai shiga in an ja shi. Inuwa ya gwada da igiyar da ya auno tsayin tayar da ita, ya ga saura kusan taƙi guda, ya ajiye masa kayansa.

Isiyaku ne ya haɗa shi da Maiwada, wani tela mutumin Gusau mai ɗinkin tantuna da kujerun mota a layin bayansu. Maiwada bai yarda da igiya ba. Ya rufe shago ya bi Inuwa har istiraha da awonsa, ya auna tsayi da faɗi. Ya ce riga huɗu za a yi, tunda tayoyin baya bibbiyu ne a manne, ta waje kawai rana ke duka. Ya zaɓi farin tamfol mai kauri, ya sa roba a baki, ya huda ramuka biyu na ɗaure igiya ta baya saboda iska. Ƙasan kuma ya bar shi a buɗe.

"In ka toshe ko'ina, damshi zai kwanta a ciki," in ji shi. "Ka bar mata wurin shan iska."

A watan Afrilu, da aka gama fita, Inuwa ya wanke sababbin tayoyin da ruwa da sabulu, ya jira suka bushe sarai. Ya hau da motar kan katako don kada robar ta zauna a kan siminti mai zafi, sannan ya sa rigunan ya ɗaure. Duk sati biyu yakan zo ya ɗaga su ya duba iska. Sun yi datti, kamar yadda Nasir ya faɗa, sai ya riƙa goge su da tsumma.

Wata ranar Talata cikin Yuli, yana zaune a mota yana jiran uwargidan ta fito daga asibiti, Nasir ya kira shi. Muryarsa a sanyaye take.

"Ya Inuwa, in ka sauke Umma ka biyo istiraha."

Ashe masu kawo tankin ruwa ne suka zo, karafan ta tare musu hanya. Nasir ya cire rigunan gaba, ya manta da na baya, ya tayar da mota ya ja. Ɗaya ta zame ta faɗi, ɗayar kuwa ta naɗe a tsakanin tayoyin ta yage gida biyu. Inuwa ya kwanta a ƙasa ya warware ta, ya duba ko igiyar ta taɓa tiyon birki. Ba ta taɓa ba.

Nasir yana tsaye a kansa, ya riƙe masa hularsa.

"Za ta ɗinku?"

"Za ta ɗinku."

"Ba sai Baba ya ji ba."

"Mafi mushkila," in ji Inuwa da Larabci, wato ba matsala. Ya karɓi hularsa ya kaɗe.

Irin wancan tamfol ɗin ya ƙare a wurin Maiwada, sai ya yi faci da wani mai ruwan toka. Ɗinkin ya yi ƙarfi, amma tun daga bakin ƙofar istiraha ana hango shi.

Ranar Juma'a iyali suka taru a can cin abincin rana. Abu Nasir ya fito zagayensa, ya tsaya a tayar baya, ya taɓa facin da bakin sanda.

"Wa ya yi wannan?"

"Maiwada ne ya ɗinka, ya Ammi," in ji Inuwa, don haka yake kiran tsohon.

Tsohon ya dube shi, ya juya ya dubi Nasir, wanda ya duƙufa a kan wayarsa a ƙarƙashin rumfa.

"Ya iya ɗinki," in ji shi. "Ka ce ya yi mana wata guda mu ajiye."

Ya wuce duba dabinonsa, Inuwa kuma ya tafi sauke tukwanen shinkafa daga mota.