Katakon Baba Ndayako

"Sake ni, Baba, zan iya!" in ji Testimony. Ya kuwa sake ta. Keken guragun ya kwaso a guje daga ƙofar ɗakinsu a kan gangaren katakon da ya buga mata, ba don na yar da tsintsiya na tare ta ba, da sai bakin rijiya. Ita kuwa dariya take yi.

"Baba, kashe mana yarinya za ka yi kafin bazden, bikin ranar haihuwar tata?" na ce.

Ya sosa furfurarsa. "Gangaren ya yi tsaye da yawa, Azumi. Yana son tsawo."

Gidan haya ne muke ciki a Bosso, kowane ɗaki da matakala uku saboda ruwan damina. Testimony ɗiyar Felicia ce, maƙwabciyata 'yar Kafanchan. Tun tana ƙarama ƙafafunta suka shanye, kullum ɗaukarta ake yi a sauko da ita, sannan a sauko da keken. Ranar Asabar za ta cika shekara tara, kuma abu ɗaya ta roƙa: kada a ɗauke ta a gaban ƙawayenta. So take ta sauko tsakar gida da kanta.

Baba Ndayako tsohon kafintan reluwe ne, Banufe, shi kaɗai a ɗakin ƙarshe. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. A shekaru shida da na yi a gidan ban taɓa ganin baƙo ya yi masa sallama ba. Ni ma da nake faɗa, tun da mai gidana ya rasu ba wani mai leƙo ni, shi ya sa muka shaƙu, ina zuba masa tuwo yana kushe miyata.

Ya shiga ɗaki ya fito da wasu katakai shida, gajeru masu kauri, irin shidan da ya riga ya buga. A lokacin na gane su. Ya taɓa nuna min su a ƙarƙashin gado tare da likkafaninsa. Goma sha biyu ne, ya yanka su daidai faɗin kabari, ya sa musu lamba da fensir, don kada ranar mutuwarsa a shiga neman itacen rufe shi.

"Baba," na ce a hankali, "waɗannan ai na..."

"Miƙo min guduma," ya ce.

Wuni ya yi yana aikin, yana bugawa yana zama yana haki. Da la'asar Testimony ta sake gwadawa, keken ya sauko sannu a hankali har ƙasa. Ya ce ta ƙara, ta ƙara sau biyar.

Ranar Alhamis da hantsi na kai masa koko, na yi sallama sau uku shiru. Yana kwance a kan tabarma, fuskarsa na kallon bango, jikin ya riga ya yi sanyi.

Malam Ishaku, limamin masallacin layinmu, ya zo da mutum huɗu. Na ɗauko musu likkafanin.

"Marigayi ya ce min ya tanadi katako ma," in ji liman. "Suna ina?"

Idona ne ya tona ni. Duk suka juya suka kalli ƙofar Felicia. Da Felicia ta fahimci abin da ake nufi ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! Mama, ban sani ba, wallahi bai gaya mini ba!" Ta ɗauko gudumar Baba tana kuka, za ta ɓanɓare ƙusa. Testimony na daga saman matakala tana kallonmu.

Na riƙe hannun Felicia. Tsoro nake ji, don ban san hukuncin abin ba, amma na san wanda ya buga ƙusoshin. "Malam, da hankalinsa ya bayar. Na yi masa magana ya ce in miƙo guduma."

Liman ya ɗaga kai ya dubi bishiyar dogon yaron da ke tsakar gida. "A samo adda," ya ce.

Da rassan bishiyar aka rufe shi. Mutum bakwai suka bi makarar, na ƙirga su daga ƙofar gida. Na shimfiɗa tabarmar zaman makoki, kwana biyu ni da Felicia ne kawai a kai. Wannan ya fi mutuwar yi min ciwo.

Felicia ta ce ta fasa bikin. Na ce a'a, Asabar ce sadakar ukunsa, sadaka kuwa tana buƙatar masu ci. A bar kiɗa, amma yara su zo. Da safe liman ya yi addu'a, da yamma gidan ya cika da 'yan makaranta, an dafa shinkafa, an ajiye kek a kan ɗan teburin da zai yi daidai da gwiwar keken.

Testimony ta fito cikin riga ruwan ɗorawa. Uwarta ta miƙa hannu, yarinyar ta girgiza kai. Ta riƙe tayoyin ta sauko, katako bayan katako, yara na tafi. Tana isa ƙasa ta juya keken wajen ɗakin ƙarshe.

"Baba, ka ga..." Sai ta tsaya. Ƙofar a kulle take da kwaɗo.

Bayan kowa ya watse na fito shara. Da yake an sare rassan, ranar yamma ta sauka a kan gangaren, lambobin fensir sun fito sarai, ɗaya zuwa goma sha biyu, sawun taya biyu ya bi ta kansu. Na share gefe da gefe, na bar tsakiyar.