Yashin Binuwai

Shanu ne suka tsallaka hanyar garin Poli, mijina Lukmanu ya matse birkin gaba na babur ɗinsa cikin yashi, ya faɗi. A nan ya rasu.

Da ɗanmu Ziyad ya nemi babur ɗin, ban hana shi ba, yana da permi, wato lasisin tuƙi. Na ce sai ya ƙaro koyo, kuma ni zan zaɓi malami.

Na farko ya nuna mini fili mai kwalta. Na biyu, wani dattijo, ya kai mu yashin bakin kogin Binuwai.

Na ce, "Ɗalibanka suna faɗuwa?"

"Kullum, Hajiya. Gara su faɗi a gabana."

Shi na zaɓa.

Ranar gamawa Ziyad ya ce, "Inna, hau." Na hau, na riƙe rigarsa yadda nake riƙe ta babansa.