Ranar da Ruwa Ya Dawo Lambun Ma'aikata

Tsohuwar tayar mota ce ta maƙale a ƙasan kwamin ruwan, ita kuma ta rantse sai ta fito. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta kafa ƙafa a bakin siminti, ta ja da iya ƙarfinta. Tayar ta saki ba sallama. Ta zauna daɓas cikin busassun ganyaye, dariya ta ƙwace mata tun kafin yayarta ta fara tata.

Ita ce mai karɓar baƙi a ma'aikatar da ke jikin lambun. Duk mai neman sa hannu sai ya bi ta teburinta, kuma amsarta ɗaya ce, har aka laƙaba mata Anti A-Ɗan-Jira. Ɗakin jiran kamar akurki yake, don haka a waje mutane ke tsayuwa, tsofaffi da masu goyo, suna bin inuwar katanga. Ga lambu a gefensu, da bishiyoyi da kujerun siminti da lilo, amma ciyawa ta kai ƙirji, shara ta cike kwamin da a da ruwa ke tsiri daga tsakiyarsa.

Ranar Alhamis ta ji a bakin direbobi cewa za a share wurin a mai da shi wajen ajiye motocin manya. Ta hau sama neman ganin Darakta, sakatarensa ya ce ta ɗan jira. Ta jira har aka tashi. A hanyar gida ta yanke cewa ranar Asabar dai babu mai hana ta shara.

Ba ta zaci za a taru haka ba. Masu sharar ofis sun zo, mai gadi ya zo, wasu daga cikin masu bin layi ma sun zo da tsintsiya da adda. Maigidanta, tsohon direban bas, ya zo da lauje da ciwon baya, kuma ciwon bayan ya fi laujen aiki. Duk da haka shi ya zuba wa sarƙar lilon baƙin mai har ta daina kuka. Yaya, mai jikoki cike da gida, ta ce bari ta gwada lilon, kada ya kayar da 'ya'yan mutane. Tun da ta hau ba ta sauko ba.

Kafin azahar kujeru sun fito fili, an ga ashe har da 'yar hanya mai dutse a tsakiya. Anti ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Ta zauna a kujerar nan, ta tashi ta koma waccan, tana gaya wa kowa inda masu goyo za su riƙa zama.

Maƙwabcinsu mai gyaran famfo ne ya gano makunnin ruwan a wani rami ƙarƙashin murfin ƙarfe. Ya ce shi fa bai yi alkawari ba, bututun ya girme shi. Yana cikin kokawa da shi sai baƙar motar Darakta ta tsaya a bakin lambun.

Darakta ya fito cikin fararen kaya, ɗan kwangila na biye da shi da abin awo. Anti ba ta da izini, kuma a ma'aikatar nan an sha tura mutum ƙauye kan abin da bai kai wannan ba. Ta warware mayafinta tana kakkaɓe ganye. Ya tako har tsakiyar hanyar, ya dube ta, ya tambayi wanda ya ba da umarnin wannan aiki.

Ta buɗe baki ke nan, ƙasa ta yi gurnani.

Ruwan bai fito ta kwami ba. Ta ko'ina ya fito. Ya tsarto daga gindin kujeru, daga cikin ciyawa, daga tsakanin duwatsun hanyar, ja da tsatsa da farko, sannan fari tas. Mafi ƙarfinsa ta tsakanin takalman Darakta ya ɓullo. Ɗan kwangila ya ruga ya bar abin awonsa. Maigidanta ya manta da bayansa ya tsallake kujera kamar saurayi. Yaya tana sama tana ƙasa a kan lilo, ruwa na dukanta, tana kiran a tsayar da ita, tana kuma ƙara tura ƙafa. Anti ta toshe baki da hannu biyu, ta san aikinta ake yi wa wanka, amma dariyar ta ƙi tsayawa, har hawaye.

Can sai kwamin ya yi tari, ya yi atishawa, ruwa ya miƙe daga tsakiyarsa har ya wuce tsayin mutum.

Masu wucewa sun riga sun cika bakin titi, wayoyi a sama. Wani dattijo mai keke ya hango mai fararen kaya tsaye a tsakiya, ya ɗaga murya ya ce Allah ya saka wa Darakta, ya raya wurin da ya mutu. Tafi ya ɓarke. Darakta ya dubi rigarsa da ta manne masa, ya dubi wayoyin. A hankali ya ɗaga hannu yana amsawa.

"Dama ina da shirin wurin nan tun tuni," ya ce da ɗan kwangila. "Motocin a nema musu bayan gini."

Mai gyaran famfo ya rage ruwan. Aka ci gaba da kwasar shara a jiƙe, ana ta maimaita labarin, kowa na ƙara masa gishiri. Da la'asar direban Darakta ya dawo da sabon kwaɗo da sarƙa. Ya ce ranka-ya-daɗe ya ji daɗin aikin ƙwarai, don haka a riƙa kulle ƙofar lambun kada jama'a su ɓata shi. Za a buɗe in an yi manyan baƙi. Makullin kuma a hannun Anti zai zauna, tunda ita ta fi kowa kula.

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce a yi wa Darakta godiya.

Bayan an watse, ta ja ƙyauren biyu ta haɗa. Ta naɗa sarƙar da kyau a jikin na dama shi kaɗai, ta danna kwaɗon ya yi ƙas. Maigidanta ya sa yatsa ya taɓa na hagu, ya buɗe salin-alin.

"Maman yara, haka aka ce ki kulle?"

"An ce in sa kwaɗo," ta ce, tana jefa makullin a jaka. "Je ka sauko da Yaya, mu tafi gida."