Jirgi Ya Bar Abu Idris a Rodus

Abdulghaffar ya tsufa yana tuƙa babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Jidda, amma bai taɓa hawa jirgin da ya wuce bakin ruwan Abhur da ke gefen garin ba. Kakansa ne ya zo aikin hajji daga Katsina ya zauna. Matarsa Mastura 'yar Hausawan Sudan ce, tana ƙarama aka kawo ta Jidda.

A shekarar 1972, ɗansu Idris, wanda ke aiki a wani kamfanin jiragen ruwa, ya zo ya ce ya sama musu wuri a jirgin da ke zagaya tsibiran Bahar Rum.

"Mu je mu yi me?" in ji Mastura.

"Hutu, ya Ummi."

"Mun ce maka mun gaji?"

Duk da haka suka tafi. Mashigin Suwes a rufe yake, don haka jirgin sama ya kai su Bairut, can suka shiga na ruwa, fari, cike da Labanawa da Turawa. Tun ranar farko jiri ya kwantar da Mastura a ɗaki. A Ƙubrus Abdulghaffar ya sauka ya sayo mata inabi, ya dawo yana faɗin yadda direbobin tashar can ba su iya baya da mota ba.

A Rodus ma shi kaɗai ya sauka. Ya bi cikin tsohon gari mai ganuwa, har ya hango hasumiyar wani masallaci. Ya shiga masallacin, ya tarar da wani tsoho Baturke yana shara. Sunansa Usuman, kuma Larabcinsa bai wuce na karatun allo ba. Ya tambayi baƙon daga ina, Abdulghaffar ya ce Jidda.

"Makka?" in ji tsohon.

Abdulghaffar ya haɗa yatsu biyu, wato kusa suke. Tsohon ya ajiye tsintsiya, ya kama hannunsa ya sumbata, ya ja shi gida. Kafin a jima maƙwabta sun cika tsakar gidan. Aka kawo burodi da zaitun da gahawa. Wata makauniya ta sa aka kai ta kusa da shi, ta shafa hannun rigarsa ta shafa fuskarta. Ya ji jirgi ya yi kuka, ya yunƙura zai tashi, aka sake cika masa kofi. A Jidda ya san jirgi kan yi ta kuka kafin ya motsa, sai ya koma ya zauna. Da ya isa tasha, hayaƙinsa kawai ya hango.

Wani ma'aikacin jirgi ne ya ƙwanƙwasa wa Mastura ƙofa, tare da wata bazawara Balabaniya mai suna Zakiya da ya roƙa ta yi tafinta. Zakiya ta ce an tashi babu mijinta, amma an yi magana da tasha, sun gan shi, za su sa shi a wani jirgin ya same su a tsibirin Kirit.

"Ruwa ya faɗa?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau."

"To, halas, shi ke nan," in ji Mastura.

Ta zauna a bakin gado jim kaɗan, sai ta lura jirin ya sake ta, kuma yunwa take ji. Ta yafa abaya ta bi Zakiya ɗakin cin abinci, karo na farko tun Bairut. Ta ci kifi da shinkafa, ta ce gishiri bai ji ba. Washegari suka hau saman jirgi suka zauna a kujerun zane. Ta ga wasu manyan kifaye suna tsalle suna bin jirgin, ta ga Turawa kwance a rana da gangan. Zakiya ta yi ta ba ta labarin marigayin mijinta da surukanta, ita kuwa tana shan askirim tana gyaɗa kai. Da aka yi la'asar ta tambayi wani matuƙi gabas, ta yi salla, ta dawo kujerarta.

A Kirit suka same shi tsaye a bakin tasha, ya ɗora wata kwat mai kauri a kan farar rigarsa, yana riƙe da gwangwanin zaitun da kwalbar zuma. Jirgin kaya ya kawo shi, tare da awaki da kankana.

"Ya Abu Idris, ka ci abinci?"

"Ban da ci ba abin da na yi."

"Kwat ɗin wa?"

"Ta mai masaukina. Ya ce akwai sanyi a ruwa."

Sai da suka shiga ɗaki ya gaya mata sauran. Da magariba ta yi a Rodus, mutanen masallacin sun tura shi gaba ya ja su salla. Shi da kullum a sahun baya yake tsayawa a masallacin unguwa. Ya ƙi, suka ƙi. Ya karanta gajerun surorin da ya sani, yana jin ana kuka a bayansa.

"Ka yi kuskure?" ta tambaya.

"Ban yi ba."

Bai sake sauka a ko'ina ba. A Malta ita ce ta fita tare da Zakiya, ta dawo da mayafi mai saƙar hannu da ƙafa a kumbure.

Idris ya tarbe su a filin jirgin Jidda, yana ɗokin jin labari. Uban ya ce ruwa ne da duwatsu, kuma mutanen kirki ne. Uwar ta ce abincin ba gishiri, amma in an sake samun wuri a gaya mata.

Da lokacin hajji ya zo, Abdulghaffar ya je masaukin alhazai da ke kusa da tasha, ya bi inda Turkawa ke sauka yana tambayar ko akwai wanda ya zo daga Rodus. Wani ya ce bai san ma akwai Musulmi a can ba. Ya tsaya ya taya wata tsohuwa ɗaure kayanta, sannan ya kama hanyar gida.

Shekarar da ta biyo, Mastura ta tafi Iskandariyya tare da 'yarsu Rahamatu. Shi ya kai su filin jirgi, ya dawo ya buɗe shagon kayan mota da Idris ya kama masa.