Romon Maikano

Wata huɗu Umaima ta yi a hannun 'yan bindiga a dajin bayan Sahon Rami. Uwarta da aka kama su tare ba ta dawo ba. Da aka kawo ta asibiti a Kontagora, Nas Salihatu ta ɗora ta a sikeli, ta sauke, ta sake ɗorawa, don ba ta yarda 'yar shekara uku ce wannan ba. Ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja yana zuba a hannu.

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu tamowa ya san abin da ke kashe irin waɗannan yara: ƙoshi. Cikin da ya daɗe babu komai, in aka ɗura masa abinci mai nauyi, zuciya ce ke tsayawa. Sai madara tsararo, 'yar kaɗan, duk bayan awa biyu. Salihatu ta yi wa uban yarinyar, Maikano mahauci, wannan bayani har sau uku. Ya ce to. Irin to ɗin nan da ake ce wa mahaukaci.

Da azahar sai ga shi da kwano, romon ƙashi da tsoka a ciki, yana tururi. Kafin Salihatu ta taso daga gadon ƙarshe har ya tallabo kan 'yarsa.

Ta riƙe masa hannu. Ya ce ta sake shi, ta ƙi. Sai ya kwaɗa mata murfin kwanon a baki. Leɓe ya tsage, haƙori ya karye, romo ya kwarare mata a damtse har fata ta saɓule. Iyaye mata suka kwashi 'ya'yansu suna salati. Ita kuwa, da zafin ya kai mata ƙwaƙwalwa, ta sa kai ta tunkure shi a ƙirji, suka zube kan sandar ƙarin ruwa. Khalilu maigadi ya shigo da kulki, ya murɗe wa Maikano hannu ta baya.

Sai Salihatu ta ga kumatun Umaima yana motsi. Ashe tsoka ɗaya ta riga ta shiga. Salihatu ta matse mata muƙamuƙi, ta cusa yatsa. Yarinyar da ba ta iya ɗaga kai ta datse yatsan da haƙora har jini ya fito, tana gurnani. Da ƙyar ta zaƙulo naman. Umaima ba ta yi kuka ba, ta dai kafe ta da ido, kallon tsana tsagwaronta, kuma wannan ya fi ƙunar ciwo.

Maikano yana durƙushe a ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

"Malama," ya ce, "ko su can a daji ba su taɓa cire mata abinci daga baki ba."

Salihatu ta tofar da jini a tasa, ta ɗauko kofin madara da hannun da bai ƙone ba, ta kai cokali bakin yarinyar. Umaima ta juya fuska bango.