Inuwar Darbejiyar Malam Dabo

Saura kaɗan Basira ba ta rubuta takardar nan ba. Karatunta a aji uku na firamare ya tsaya, ga shi ko gaisuwa ba ta iya yi wa maƙwabcinsu Ernest sai kanta a sunkuye. Kuma abin da za ta rubuta ba shi ta so ya fito ba.

A kan darbejiya ne. Mahaifinta Malam Dabo ya dasa ta a gaban gidansu na unguwar Fadikpe tun ba a haife ta ba. Kwana ashirin da rasuwarsa, iskar farkon damina ta karya reshe, ya faɗo dab da katangar Ernest. Da rana Ernest ya zo ya tsaya a ƙofa yana magana da yayanta Siddiq.

"Siddiq, ni ba na so rigima. Itace nan ya yi sawo. In ya pado, ɗaki na Hope ne a wurin."

"Gaskiya ne, Baban Hope. Gobe zan kira Ndatsu mai injin yankan itace ya sare ta daga gindi."

Basira tana wanke-wanke ta ji. Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Tun ranar jana'iza haka take, ba kuka, ba yunwa. Mata masu zuwa ta'aziyya har sun fara kallon juna a kanta.

A ƙarƙashin bishiyar nan Baba ya yi shekara biyunsa na jinya, rediyo a kan ciki. Duk Asabar bayan azahar akwai wasan kwaikwayon da ba ya bari ya wuce shi, saboda wata tsohuwa da ke ciki, Gwaggo Ladi mai awo. Da lissafi take raba gardamar ƙauyensu, ko ta zurfin rijiya ce ko ta iyakar gona. Hope 'yar Ernest takan leƙo ta ce ita gwaninta wani ne na fim, mai rubuta lambobi a gilashin taga yana magana shi kaɗai. Baba ya ce, "Ke Hope, naki mahaukaci ne. Tawa ko ɗanta ne ba shi da gaskiya, abin da awo ya nuna take faɗa."

Akwai makon da Gwaggo Ladi ta auna tsawon rimi ba tare da ta hau ba. Ta kafa sanda ta jira. Lokacin da inuwar sanda ta yi daidai da sandar, ta ce to yanzu inuwar rimi ma daidai take da rimi. Baba ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Da la'asar Basira ta ɗauko sandar kiwon Baba daga bayan ƙofa, ta kafa a fili, ta ja layi a ƙasa iya tsawon sandar. Da inuwa ta taɓa layin, ta bi inuwar darbejiya tana sa diddige a kan yatsa. Ƙafa arba'in da huɗu. Ta dawo gindin bishiya ta auna zuwa katangar Ernest. Talatin da takwas.

Ta sake aunawa, bai canza ba. Ernest ne da gaskiya.

Ta daɗe zaune da biro a hannu. Ba wanda ya ga ta auna. Tana iya juya lambobin, tana kuma iya yin shiru a sare. Ta nemi baƙin ciki a ranta ba ta samu ba, lambobin nan biyu kawai ke yawo. Daga baya ta yago takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe:

"Baban Hope. Itace ƙafa 44. Katanga ƙafa 38. In ya faɗi zai kai. A sare sama a bar ƙasa. Gobe da hantsi zan nuna wurin. Basira."

Ta miƙa wa Hope ta kan katanga, ta koma ciki.

Washegari Ndatsu ya iso da injinsa a bayan babur, ya tarar da ita tsaye kusa da sanda, ta ja sabon layi a ƙasa. Ernest ya fito da takardar a hannu, ya ce a dakata.

"Mu jira me?" in ji Ndatsu.

"Inuwa," in ji Basira, a hankali.

"Inuwa? Siddiq, ashe injiniya kuke da ita a gida kuka kira ni?"

"Ke Basira, kar ki ba mu kunya," in ji Siddiq.

Idonta na kan layi. Da safe inuwar bishiyar wajen gidan Ernest take kwanciya. Da inuwar sanda ta ja baya ta zo kan layi, Basira ta nuna da hannu. Kan inuwar darbejiya ya hau katanga ya leƙa cikin gida, amma inuwar wurin da bishiyar ta rabu biyu tana ƙasa, ba ta kai gindin katanga ba.

"A sare daga inda ta rabu biyu zuwa sama," ta ce. "Abin da ya rage ko ya faɗi ba zai taɓa ba."

Ernest ya taka har wurin, ya dubi ƙasa, ya dubi bishiya. "Ndatsu, yanka daga wurin da yarinya ya nuna."

Ndatsu ya hau da igiya yana mita. Inji ya tashi, rassa suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. Basira ta zare sandar, ta goge mata ƙasa da gefen zani ta mayar bayan ƙofa. Ta ɗauko tsintsiya, ta jira aka gama, ta share ganyen da ya zuba inda Baba yake shimfiɗa tabarma.