Sunan Ɗan Fari

Kowa a Dakoro da abin da yake faɗi a kan Ɗangoggo. Matan bakin rijiya suka ce aljana ce ta shafe shi tun yana goye. Gumiyen kumandan, dogarin nan mai kamun yara zuwa lakwal, makarantar boko, kamar ana kamun fara, ya ce da safe ya kai shi, kafin azahar mushe, malamin lakwal, ya maido shi, don duk tambayar da aka yi masa ita yake mayarwa. Lalla mai fura kuwa cewa take, "Yaron ga tulu ne, abin da ka faɗa ciki shi za ka ji."

Habi, uwar da ta haife shi, ba ta cewa kome. Ɗan fari ne, ba a kama sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane. Tun da aka yaye shi goggonsa Uwale ta tafi da shi Korahane. Shekara bakwai Habi ba ta ganinsa sai da salla, nan ma satar kallo, hannunta na ƙaiƙayin shafa kansa. Da Uwale ta rasu bayan kaka, aka kawo shi bisa jaki.

Wuni yake gindin rumbu yana jera ɓawon gyaɗa, manya dabam, ƙanana dabam. Kullum da safe kuma sai ya tsaya gaban Habi, idonsa a kafaɗarta, ya ce da muryar tsohuwa, "Isufu, ina kwana?" Isufu shi ne sunansa na yanka. Habi takan kau da kai ta ce, "Lahiya lau, kai yaro. Ga kunu." Sai ya toshe kunnuwa ya juya, kunun ya huce a ƙwarya. Wuyansa har ya fara tsawo.

Ubansa Rabo ya ce, "Ran kasuwa Amani makiyayi zai wuce da shi daji wajen raƙuma. Can ba mai neman hira." Saura kwana uku.

Habi ta ɗauki tankaɗenta ta koma kusa da rumbu, ta kasa kunne. Ta ji yana cewa, "Isufu, ina kwana?" Ya yi shiru. "Ina gajiya?" Ya sake yin shiru. "Isufu, ga kunu." Kowane shiru daidai tsawon amsa, leɓɓansa na motsi ba murya. Kwana biyu tana saurare kafin ta gane. Ashe ba gaishe ta yake ba. Maganar Uwale yake miƙa mata, yana jiran wanda zai ɗauka, shi kuma ya samu ya faɗi tasa.

Ran kasuwa Amani ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gida. Lalla ta sauke ƙwaryar furarta don ta ga tafiya. Yaron ya zo ya tsaya inda ya saba. Kafin ya buɗe baki Habi ta tsuguna gabansa.

"Habi, mi kike yi?" in ji Lalla. "Yau kunya ta ƙare garin ga?"

Habi ba ta waiwaye ta ba. Ta dubi yaron ta ce:

"Isufu, ina kwana?"

Yatsunsa suka daina motsi. Bai dube ta ba.

"Lahiya lau," ya ce, da wata siririyar murya da ba ta taɓa ji ba, tasa ta kansa.

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Isufu, ga kunu."

"Isufu ya gode." Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu.

Rabo ya daɗe yana kallon yaron yana sha. Can ya ce wa Amani, "Tashi da dabbarka, rana na yi maka."

Habi ba ta miƙe ba. Ta jira har ya sauke ƙwaryar daga bakinsa, sannan ta ce, yadda kowa zai ji, "Wata biyu kana ba ni magana ina ƙin karɓa. Ka yahe mini, Isufu."